Tsoron Takardar Sallama: Darasi daga Matiyu 20:1-16



Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan na gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, maganar rage ma'aikata ta zama abin da kowane gida ya sani. Masaƙar Kaduna Textiles da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe ƙofa a 2002, UNTL kuma ta tsai da injunanta a 2007. Dubban magidanta suka koma gida, wasunsu suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu. Da yawa a cikinmu 'ya'yan waɗannan mutane ne, don haka idan muka ji an fara raɗe-raɗi a wurin aiki cewa ana tsara sunaye, gabanmu yakan faɗi. Ba mu ce wannan rashin bangaskiya ba ne. Mai iyali da kuɗin haya da na makaranta a kansa yana da dalilin damuwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɓarnar da tsoron yake yi tun takardar ba ta iso ba. Mutum ya daina barci, ya shiga yi wa matarsa da yara faɗa ba dalili. Wani ya koma kai gulmar abokin aikinsa wurin shugaba don sunan wancan ya riga nasa shiga. Wani ya kwashi ɗan abin da ya tara ya kai wa boka ko mai sayar da addu'a. Akwai ma wanda aka riga aka sallama, amma kullum da safe sai ya sa riga ya fita, don kada maƙwabta su gane. Tushen wannan duka kunya ce, domin mun ɗauka cewa darajar mutum tana cikin albashinsa.

Mu duba misalin da Ubangijinmu Yesu ya bayar. Mai gonar inabi ya fita da sassafe ya ɗauki 'yan ƙodago a kan dinari guda, ladan yini ke nan. Ya sake fita sau uku, sa'an nan wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da wasu har yanzu suna tsaye a kasuwa. Da ya tambaye su dalili, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Mu lura, bai kira su ragwaye ba. Ai rago ba ya yini a tsaye cikin rana yana jiran mai ɗauka. Da tuni ya nemi inuwa. Sai ya tura su gona, da yamma kuma ya fara biyansu, dinari cikakke, gwargwadon abin da gida yake bukata a ci a kwana. Gaskiya ne misalin yana magana a kan Mulkin Sama da alherin da ba a saye, amma ba banza ba Yesu ya ɗauko shi daga wurin masu jiran aiki. A gidan masassaƙi ya girma, ya san abin da yini ba aiki yake nufi.

Ikilisiya ta daɗe tana koyar da haka. Paparoma Leo na 13 ya rubuta Rerum Novarum a 1891 don kare haƙƙin ma'aikata. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya yi aikin fasa dutse a Folan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya ziyarci Kaduna a 1982, ya rubuta Laborem Exercens a 1981. A ciki ya nuna cewa an yi aiki ne domin mutum, darajar aiki daga mai yinsa take fitowa, rashin aikin yi kuwa mugun abu ne da ya wajaba hukuma ta yaƙa. Ashe wanda aka sallama ya rasa albashi ne kawai, siffar Allah da ke cikinsa tana nan daram.

Dogara ga Allah ba ya hana shiri. Yusufu ya tara hatsi a Masar cikin shekaru bakwai na ƙoshi (Farawa 41), Manzo Bulus kuma yana da sana'ar ɗinkin tanti a hannu (Ayyukan Manzanni 18:3). Mai albashi a yau ya rage bashi, ya shiga adashi na amintattu, ya koyi wata sana'a ko ya riƙe gonar gida. Ya kuma san doka. Dokar ƙodago ta Najeriya ta wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalili da yawan waɗanda za a rage. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar karɓar har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho. Kada kowa ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Kafin duk wannan, miji ya gaya wa matarsa gaskiya tun ranar farko, mata ma haka, gama mun sha ganin gidan da ɓoye-ɓoye ya rusa bayan talauci ya kasa.

Mu ma jama'ar Ikilisiya akwai namu. Idan ɗan'uwa ya daina zuwa sujada bayan an sallame shi, sau da yawa kunyar lokacin baiko ce ta tsare shi a gida. Kada mu jira ya zo roƙo. Zumuntar Mata, ƙungiyar maza da ta Waliyyi Vincent de Paul su bincika a asirce, su je gidansa, kuma kada a kira sunansa a sanarwa. Mai shago ko gareji da ke neman hannu ya fara tambaya a cikinmu. Wanda kuma aka ɗora wa nauyin tsara sunayen da za a sallama, ya yi shi bisa ƙa'ida, ba don ƙabila ko addini ko tsohuwar gaba ba, ya kuma tsaya a biya mutane haƙƙinsu a kan lokaci.