Limamin Bariki da Ƙwaƙwalwar Soja

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa kan umarce shi ya zuba sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jiki ya shirya gudu ko faɗa. To, sojan da ya daɗe a yaƙin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ƙwaƙwalwarsa kan ci gaba da ba da wannan umarni ko bayan ya zo hutu gida Kiyawa. Barci ya gagara, ƙarar babur ta zabura shi. Wani har ya fara tunanin halaka kansa.

Rundunar Sojan Nijeriya tana da limamai da fastoci masu kaki da muƙami. Su ke shawartar kwamanda kan salla da azumin mayaƙa, amma ina ganin babban aikinsu saurare ne. Soja kan ɓoye wa kwamanda damuwarsa, gudun kada a ce rago ne, sai ya amayar wa liman. Bincike ya nuna tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa ra'ayin. Saboda haka liman ya daure ya tambaya. In amsar e ce, kwamanda ya karɓe bindigar, kada a bar shi shi kaɗai har ya ga likitan ƙwaƙwalwa.