GANE-GANE DA JIYE-JIYE: CIWO NE MAI MAGANI

Akwai larurar da kan sa mutum ya ji murya alhali ba mai magana, ko ya ga abin da ba ya nan, ko ya ji kamar ƙwari na bin jikinsa. Mai wannan larura ba ƙarya yake yi ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ke nuna masa abin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba.

Abubuwan da Ke Kawo Ta

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sanƙarau, da farfaɗiya, da rashin barci na kwanaki duk sukan jawo ta. Haka kuma tabar wiwi, da ƙwayoyin maye, da barin giya farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. Takan zo da taɓin hankali, takan kuma sami mai jego ko tsoho.

Mummunar firgita ma takan bar irin wannan tabo. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama garin Mubi, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru. Wanda ya ga irin wannan tashin hankali yana iya riƙa jin ƙarar bindiga shekaru bayan ƙura ta lafa.

Abin da Ya Wajaba ga Iyali

1. Kada a yi masa gardama ko dariya. A lallashe shi da tattausan harshe.
2. Kada a doke shi, kada a sa masa mari.
3. A kawar da wuƙa da maganin ƙwari daga inda yake.
4. In akwai zazzaɓi da ruɗewa, ko muryar na umartarsa ya cuci kansa ko wani, a kai shi asibiti a ranar.
5. Kada a daina shan magani don an ga sauƙi, sai da izinin likita.

Mutanen Mubi da kewaye su fara da babban asibitin garin. In da bukata, likita zai tura su Yola, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Maiduguri.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, domin kare mutuncin irin waɗannan majiyyata.

Addu'a ba ta hana neman magani. A gaggauta, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.