Yadda Jiki Ke Tsare Kansa Daga Cutar Sankara

A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai wani zare mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin ginin jiki. Hayaƙin taba da gubar aflatoksin, wadda ake samu a gyada ko masara mai fumfuna, suna ɓata wannan zare.

Idan ɓarna ta auku, ƙwaya takan liƙa wa wani sinadari mai suna p53 alamar fosfet. Nan take sai p53 ya hana ƙwayar rabuwa har a gyara ta. In kuwa ba ta gyaruwa, ya sa ta mutu. Bayan gyara, sinadarin Wip1, wanda masana suka gano a 1997, shi ke cire alamar domin ƙwayar ta koma aiki. Irinsa ake kira fosfatez, wato mai cire fosfet.

Amma idan Wip1 ya yi yawa, yakan cire alamar tun gyara bai kammala ba. Sai ƙwaya mai lahani ta yi ta hayayyafa har ta zama sankara. An ga haka a jikin wasu masu sankarar mama. A 1991 kuma, bincike a ƙasar Sin da kudancin Afirka ya danganta aflatoksin da lalacewar p53 a sankarar hanta.

Saboda haka, manoma da 'yan kasuwar Suleja su shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin ajiya, su zubar da mai fumfuna. Wadda ta ji ƙullutu a mamanta ta garzaya asibiti, domin sankarar da aka gano da wuri ta fi jin magani.