Zuwa ga matasa: labarin sarkin da ya tafi yaƙi bai bar magaji ba

'Ya'yana,

Labarin wani tsaranku nake so ku ji, Sebastiyan sarkin Fotugal. Yana da shekara 24 a 1578, jini na tafasa, ba mata, ba ɗa. Muhammadu al-Mutawakkil, wanda baffansa Abdulmalik ya tumɓuke daga sarautar Maroko, ya nemi ya taimaka masa ya koma gado. Sebastiyan dama yaƙi yake nema. Kawunsa Filib na Biyu, sarkin Sifaniya, ya ja masa kunne, amma Sebastiyan ya yi kunnen uwar shegu.

Ya kwashi 'ya'yan manyan ƙasa da sojojin haya daga Jamus da Italiya, ya sauka Asila a Maroko, ya bar jiragen ruwansa a gaɓa, ya nausa cikin ƙasa da ƙafa. Ku auna mutum sanye da sulke a zafin Maroko, guzuri na ƙarewa. Ranar 4 ga Agusta suka gwabza a bakin kogin Makhazin, kusa da Kasarul Kabir. Mahaya dawakin Maroko suka yi musu zobe. Abdulmalik, wanda dama ba shi da lafiya, ya cika ana tsakar fama, fadawansa suka ɓoye rasuwar har aka ci nasara. Al-Mutawakkil ya nutse a kogi yana gudu. Sebastiyan ma nan ya kwanta dama.

Ba na tuhumarsa da rashin jarumta, ya yi faɗa har ƙarshe. Laifinsa shi ne ya yi caca da abin da ba nasa kaɗai ba. Kafin ɗayanku ya sayar da gonar gado ya zuba a harkar da bai sani ba, ko ya bi hanyar sahara, ya zauna ya lissafa waɗanda za su biya bashin idan abu ya ɓaci. Jama'ar Fotugal ce ta biya na Sebastiyan. Sarauta ta faɗa hannun ƙanen kakansa, Kadinal Henri, tsoho kuma limamin coci marar ɗa. Ya mutu a 1580, Filib ya turo runduna ya haɗiye ƙasar, ba ta sake samun sarkin kanta ba sai 1640.

Gidajen manya kuwa suka yi ta sayar da kadara don fanso 'ya'yansu da aka kama a yaƙin. Kuɗin fansar ya cika baitulmalin sabon sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya gina fadar Badi a Marrakesh. Da ya ga ba wata barazana daga arewa, sai ya waiwayo kudu. A 1591 rundunarsa ƙarƙashin Judar Basha ta ƙetare hamada da bindigogi, ta karya Askiya Isiyaku na Biyu a Tondibi, daular Songhai ta wargaje. A 1594 aka tasa ƙeyar malaman Tumbutu zuwa Marrakesh, cikinsu har da Shehu Ahmad Baba, wanda bai sake ganin garinsu ba sai bayan shekara goma sha huɗu.

Wassalam,
Baffanku