Kada Ruwan Lambu Ya Koma Rijiya

Jama'a, gidaje da yawa yanzu sun haƙa burtsatse sun sa injin sumo, da ruwan suke sha, da shi kuma suke shayar da ɗan lambun alayyahu da tumatir. Madalla. Sai dai akwai ɓarnar da ke shiga ta inda ba a zato, ita ce komawar ruwa da baya.

Ga yadda abin yake. Mai lambu ya jiƙa takin zamani ko maganin ƙwari a duro, ya tsoma bakin mesa a ciki, inji yana aiki. Sai aka ɗauke wuta. Ruwan da ke tsaye cikin bututun rijiya nauyi gare shi, nan take zai zurara ƙasa, yana sauka yana janyo na bayansa, kamar yadda direba ke zuƙo fetur daga tanki da tiyo. Kafin a ankara, abin da ke duro ya gangara rijiya. Haka nan in an yar da mesa a kwatami ko kududdufin turke. Gobe da safe kuwa da wannan ruwa za a dama wa yara kunu. Ƙazantar dabbobi tana kawo gudawa. Sinadarin naitiret na taki ya fi yi wa jarirai illa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita guda, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

Kariya ta farko ita ce bawul mai hana ruwa komawa. Marfi ne a cikinsa: ruwa ya tura ya buɗe, ya nemi juyowa ya rufe. An zana kibiya a jikinsa, lalle ta fuskanci inda ruwa zai tafi. Ka tsaya ka duba da idonka, don akan sami mai gyaran famfo ya ɗaura shi a juye, sannan ya ɗora wa inji laifi.

Amma kada ka sakankance. Tsakuwa guda ta maƙale a bakin marfin, ya fara yoyo ke nan. In ka kunna inji da safe ka ji famfo yana ta fesar da iska kafin ruwa ya zo, sa a duba bawul.

Abin da ya fi bawul aminci ba ya cin ko kwabo: ɗaure bakin mesa a saman duro, kada ya taɓa ruwan. Tazarar ta kai ninki biyu na faɗin bututun, kada ta gaza inci 1. Mai hali ya cika tanki ta sama, ya ja wa lambu daga tankin.

In kuwa magani ya riga ya faɗa, a daina sha nan take, a yi ta janye ruwan ana zubarwa nesa da rijiya, a kai samfuri ma'aikatan lafiya su auna kafin kowa ya sake kai shi baki.