Likitan da Ya Rubuta Sunayen Itatuwanmu, da Yadda Za a Raya Gawo a Gona

Manoman Sabon Birni da Isa, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Akwai wani Bature mutumin Sikotlan, sunansa John McEwen Dalziel. Mutanensu "Diyel" suke kiran sunan, ko da yake rubutun bai nuna haka ba. An haife shi a Indiya a 1872, ya koyi aikin likita a Edinbara, ya yi aiki a ƙasar Sin. A 1905 ya shiga aikin likita na gwamnati a Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya ta Arewa. Aikinsa duba marasa lafiya, amma hankalinsa yana kan tsirrai. Duk inda ya sauka, har da ƙasar Sakkwato, sai ya tsinki ganye da fure, ya danne su cikin takarda su bushe. Sa'an nan ya nemi sunan abin da amfaninsa a bakin manoma da makiyaya da masu magani.

A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Bayan ya bar aikin likita ya koma lambun bincike na Kiw, kusa da Landan. Shi da John Hutchinson suka tsara babban littafin tsirran Afirka ta Yamma daga 1927 zuwa 1936. A 1937 ya fitar da nasa littafin kan tsirrai masu amfani. Ya rasu a 1948. Itacen hano, wanda wasu ke ce wa ararrabi, har yau sunan Dalziel yake ɗauke da shi a littattafan kimiyya.

To, ku lura da abu ɗaya. Da yawa daga cikin abin da ya rubuta, daga bakin kakanninmu ya ji shi. Sun san wane itace ake bari a gona, wane ake sarewa. Mu ne muka fara mantawa.

Ɗauki gawo. Shi ba ya bin sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin nan da muke saye da tsada cikin buhun yuriya. Da rani awaki da shanu suna cin 'ya'yansa, su kwanta a inuwa, su bar kashi. Je ka dubi geron gindin gawo, ka dubi na fili, idonka zai gaya maka.

Wannan magana ta fi muhimmanci yanzu. Rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa. Gonar kusa da gari ita ake nomawa kowace shekara, ba hutu, ga neman itacen girki ya ƙaru. Ƙasar jigawa ba ta jure wannan.

Ba sai an sayo dashe ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun fara abin da suke kira sassaben zamani tun wajen 1983, tare da wani ma'aikaci ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo. An ƙiyasta fili mai hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, kada ka bi kututture da wuta. Nemi kututturen gawo, ko kalgo, ko sabara, ko magarya mai tofo. Zaɓi rassa 2 zuwa 5 mafi ƙarfi, waɗanda suka miƙe, ka bar su, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari, ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Adda ta kasance da kaifi, kuma ka yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Abin da ka yanke ka kai gida a yi girki, ƙayar kuwa ka kewaye ƙaramin gawo da ita saboda awaki.

Bayan wata 3 ko 4 ka koma ka cire sabon tofon da ba ka so. Ku kuma yi magana da mai gari da ardon Fulani tun kafin a saki dabbobi da kaka, domin a san waɗannan itatuwa suna da mai su.