Tuwon Biki Da Tuwon Gida

Ɗana, mahaifinka ya tare ni bayan sallar Juma'a a Funtua, ya ce ka kammala karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ranka na son aikin masana'antar haɗa magunguna. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya albarka. Na daɗe a wannan aiki kafin in dawo Malumfashi in rungumi fartanya, to bari in ɗan ja kunnenka.

A makaranta ka saba haɗa giram biyar a 'yar kwalba. A masana'anta kilo ɗari biyar za a ce ka fitar, ya zo daidai yau, gobe ma haka, baɗi ma haka. Tambayi mahaifiyarka, za ta gaya maka tuwon biki da tuwon gida ba hannu ɗaya ake tuƙa su ba. Duk sa'ad da tukunya ta ƙara girma, abin da ke cikinta yakan ƙaru fiye da bangon da zafi zai bi ya fita, don haka zafin ke taruwa a ciki. Da hannuna na koyi wannan. Ina sabon shiga, wata rana na buɗe famfon sinadari da yawa don in tashi da wuri. Kafin in ankara allurar ma'aunin zafi ta haura, ruwan da ya kamata ya fito garau ya koma kalar shayi, aikin mako guda ya tafi kwata. Maigidana bai ɗaga murya ba. Littafin aiki ya miƙo min ya ce, "Rubuta abin da ka yi, da ƙarfe nawa ka yi shi, ka sa hannu." Hannuna na rawa na rubuta. Daga wannan shafi muka gyara ƙa'idar zuba sinadarin ga duk wanda ya zo bayana.

Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne gangunan da ake shigowa da su daga waje. A 1990 yara 109 suka rasu a ƙasar nan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da diethylene glycol. A 2008 abin ya sake faruwa da My Pikin, maganin fitar haƙori, aka rasa yara aƙalla 84, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya aka kwantar da su, nan kusa da mu. A 2022 kuma sai ga shi a Gambiya cikin maganin tari. Wannan guba ruwa ce mai kauri, ba launi, da ɗan zaƙi, ido ba ya raba ta da propylene glycol ɗin da ake narka magani a ciki. Ƙoda take kashewa, yaro ya daina fitsari, uwa tana ƙara masa cokali tana zaton sauƙi take ba shi. Hukumar NAFDAC tana nan tun 1993, amma jami'inta ba ya tsaye a kanka ranar da ganga ta iso, manaja yana cewa mota na jira. Kai ne a wurin. Ka ga yadda mai sayen masara a kasuwa ke soka ƙarfe cikin buhu ya zaro ƙwaya ya duba, ko da mai kayan amininsa ne? Haka za ka yi wa kowace ganga, komai kyan takardar da ta zo da ita.

Kada kuma ka raina gonar gidanku. Sitacin masara na cikin abin da ke riƙe ƙwayar magani, shi ke kuma taimaka mata ta fashe a ciki. Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar, har da karan dafi da kanumfari a haɗinsa. Duk da haka mafi yawan ainihin sinadaran maganinmu daga Indiya da Sin ake kawo su, abin yana ci min rai idan na ga manyan motoci suna fita da masarar Funtua ɗanya.

Idan an kira ka aiki, ka girmama tsofaffin ma'aikatan da ke kan injin. Daga ƙarar tukunya suke gane matsala kafin ma'auni ya nuna. Kafin ka tafi ka leƙo gida bayan la'asar, akwai tsohon littafin aikina da nake so in nuna maka, har da wancan shafin.